Katangar da na shafe da siminti

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Sunana Iliya, dattijo a ikilisiyarmu ta nan Kaura Namoda.

Abin da zan faɗa ya faru a shekarar da aka kashe layin waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Damina ta zo ƙarshe. Matata Saratu tana da shekara biyu a ƙasa.

Gidanmu ginin ƙasa ne. Babana, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya gina shi. Kowace bazara yakan tara mu mu yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Mu yara mu tattaka ƙasa da ƙafa, Inna ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, a dama fura a babbar ƙwarya. In an gama, kowa ya danna tafin hannunsa a jikin katangar soro, ni kuma in rubuta sunaye a ƙasa da tsinke, domin na yi karatun ajami wurin maƙwabcinmu. Da na yi aure, haka muka ci gaba da Saratu da ɗiyarmu Hannatu.

Da Saratu ta rasu ban yi kuka ba. Mutane suka ce ina da bangaskiya. Ba bangaskiya ba ce, ba na jin komai ne. Ina zuwa sujada, ina buɗe baki a waƙa, ina komawa gida in zauna.

Bazara ta zo, Hannatu ta aiko daga Gusau tana tambayar ranar yaɓe. Na ce kada ta wahala. Na kira magini ya shafe ginin duka da siminti, don kada wani ya sake taruwa a gidana. Malam Umaru direba, ɗan malamin da ya koya mini ajami, ya leƙo ya ce siminti ba ya zama lafiya a kan ƙasa, ruwa zai bi ta baya yana ci ban sani ba. Na ce na ji.

Damina biyu ruwa yana ci.

Wata Laraba bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Iska ta kwashe kwanon ɗakina ta kai shi bayan gari. Ina tsaye a rumfa sai na ga simintin soro ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, azara ta karye, rufin ya zauna. Na duba, na ɗauki tabarmata na koma zaure. Ko gabana bai faɗi ba.

Da safe na rubuta wa Hannatu layi biyu: gida ya faɗi, zan sayar da filin. Na ba Malam Umaru takardar, tun da babu waya. Ya karɓa don ya kai mata Gusau.

Da ya fita na so in yi addu'a, bakina ya ƙi. Sai na jawo takardar buhun siminti na rubuta: Ya Ubangiji, ba na jin komai. Idan kana so na, ka sa in ji, ko da zafi ne.

Na tashi in kwashe ɓaraguzai. A gefen katangar da ta rage, inda siminti ya zube, tsohon yaɓe ya fito. Ga hannun Saratu, da ƙaramin yatsanta da ya lanƙwashe, ga sunanta da rubutuna. Na ɗora hannuna a kai. 'Yan'uwa, kukan shekara biyu ya zo mini a tsaye. Yabo ga Ubangiji, ya ji ni!

Kwana uku bayan haka Malam Umaru ya dawo da Hannatu da 'ya'yanta mata biyu. Ta ce, "Baba, in ka sayar, ina zan kai su su ce gidan kakarsu?" Na ce mata na fasa.

Da ruwa ya ɗauke muka kwaɓa ƙasa. Jikokina suka tattaka har gwiwa, suna yi mini tsiya wai angonsu ya tsufa, ko kwando ba ya iya ɗauka. Malam Umaru ya kawo azara goma sha biyu a motarsa, ya hau sama da kansa kwana huɗu. Na yi ta neman abin da zan saka masa da shi, ya hana.

Ya ce, "Iliya, ba ka sani ba. Shekarar da gobara ta ci ɗakin babana, babanka ya ɗauko azara a ka tun daga tasha ya rufa muna. Tsoho ya bar mini wasiyya in rama. Shekara talatin ina jira, gidanku ya ƙi faɗuwa." Ya karkaɗe hannunsa. "Yau na sauke."

Na gode wa Yesu da ya buɗe mini zuciya, ya bar mini gida. Wanda ke zaune a cikinku yana waƙa ba ya jin komai, kada ya ɓoye. Ya faɗa wa Ubangiji haka, ya dogara gare shi. Amin.