Aljanin Gidan Bakin Fadama

Ina gaishe ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai bar ni na sha kunyar da ta fi ƙarfina ba.

Kun san na yi karatun jami'a a Kudu, na daɗe ina koyarwa, da na bar aji kuma na karɓi lasisin En'e na dillancin gidaje a Wurno. Da lasisin nan nake ciyar da iyalina.

Dillalan garin suna da doka. Kafin a sallama gida, wajibi ne dillali ya faɗa wa mai saye aibi uku: ko yana yoyo, ko da gara, ko ana cewa da aljanu. Wanda ya ɓoye yoyo ko gara, tara ce. Wanda ya ɓoye na ukun, Sarkin Dillalai zai kai sunansa wurin Hakimi a karɓe lasisinsa.

Na sayar wa Alhaji Garba, falken shinkafa daga Goronyo, wani gida a bakin fadama wanda ya daɗe ba kowa, ana kuma cewa da aljanu. Na faɗi yoyo, na faɗi gara. Na ukun kuwa na yi shiru, ina cewa bai dace Kirista mai ilimi ya yaɗa irin wannan magana ba. Har yau ina tambayar kaina: bangaskiya ce ta rufe mini baki, ko la'ada?

Alhaji ya je duba gidansa da rana tsaka, ya ji nishi daga ɗakin ƙurya, ya fito a guje, ya bar takalmansa. Bai tsaya ba sai zauren Sarkin Dillalai.

Sarki ya kira ni. "Malam Istifanus, mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai babu aljani a gidan."

"Ba mu ce ka yarda ba, cewa munka yi ka hwaɗi. Tunda babu, tahi ka wuni ciki kai ɗai. In ka kai la'asar, lasisinka naka na. In ka sheƙo, ka aje muna shi nan."

Na shiga. Dillalai suka shimfiɗa tabarma a waje suna cin goro, suna jiran gudun mai digiri.

Rana ta take, sai nishin ya taso, mai kauri, yana hawa yana sauka. Ƴan'uwa, duk littattafan da na karanta, ba wanda ya zo mini! Ƙofa tana buɗe a bayana, ƙafafuna sun riga sun yanke shawara.

Sai na durƙusa. Na ɗaga murya: "Ya Ubangiji, na ce babu, alhali ban taɓa leƙawa ba. In akwai, ka fi shi ƙarfi. In babu, ka riƙe mini gwiwoyina!"

Nishin ya tsaya cak. Sai wata murya ta ce, "Kai! Wane na ke hana mutane kwana?"

Baba Mudi ne, tsohon da ke makwabtaka da gidan. Ya fito da ɓawon albasa a gemu, takalman Alhaji a ƙafarsa. Ashe ta inda katangar baya ta zube yake shiga. Ya cika ɗakin da albasarsa, kullum yana gadinta da minshari.

Na ce, "Baba, kai ne aljanin?"

Ya ce, "Yaro, ni ban ce ma kowa ni aljani na ba. Ban dai ce ba ni na ba."

Halleluya! Na kai la'asar, lasisina ya tsira. Amma Sarki ya ci ni tara saboda ɓoyewar, na biya, kuma daidai ne, domin dokar ba ta tambaye ni ra'ayina ba. Sarki ya ƙara aibi na huɗu da dillali zai riƙa faɗa: makwabci.

Ina gode wa Ubangiji da ya tsayar da ni a inda ilimina ya so ya tsere. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa. In kun ji nishi a ɗakin ƙurya, ku yi addu'a da ƙarfi, sa'an nan ku leƙa. Amin.