Riƙau da Na'urar Masu Juna Biyu

Kafin komai, ina shelanta wa wannan taro, da cikakken ikon da makirfo ya ba ni, cewa kujerun gaba da aka kwashe rabin sa'a ana hararar juna a kansu na roba ne, irin na baya sak.

Mai girma shugaban makaranta. Likitar jijiya da tsoka. Inna, matar marigayi. Baba Ƙarami, ƙaninsa kuma sabon babban gida. Auta, 'yar marigayi, malamar lissafi. Sauran masu kuka da masu gwada kuka: assalamu alaikum.

Marigayi ya kasance mai buga ƙararrawar makarantarmu shekara talatin da ɗaya. Ya kasance ƙato, damatsa kamar na ɗan kokawa, amma in ya miƙe daga benci sai ya ƙage kamar an dasa shi, sai ya ja taku biyar kafin jikin ya saki. Mu, manyan masana, muka yanke hukunci cewa lalaci ne. Ya kasance in ya yi musabaha da kai, hannunsa ba ya sakin naka sai gaisuwa ta ƙare an rasa abin faɗa. Muka ce cusa kai ne wajen manya, muka laƙaba masa Riƙau, ya amsa.

Da likita ta ce ya zo ta ɗora masa na'urar sikanin a dantse, mun yi dariya har da hawaye, domin a iliminmu mai zurfi wannan na'ura ta masu juna biyu ce. A ƙofar makaranta aka riƙa tambayarsa wata nawa. Shekara tara bakinmu ya hana shi zuwa. Ranar da ya je, aka shafa masa mai mai sanyi, aka ce ya dunƙule hannu ya saki. Shi a ransa ya saki. A allon na'ura kuwa tsokar tana nan a ɗaure, likita tana ƙirga daƙiƙoƙi. Ta ce ciwo ne na gado, kuma akwai maganin da ke sassauta shi. Inna ta shaida mini ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe ba halina ba ne."

Baba Ƙarami, ranka ya daɗe, yanzu gare ka. Kowa ya ga yadda alli ke maƙalewa a yatsun Auta. An ba ta takardar gargaɗi kan rashin sauri a aiki, ta biyu kuwa sallama ce, in ba shaidar likita. Likita ta ba ta ranar Litinin ta je a ɗora mata na'urar. Kai ka rantse 'yar gidanku marar aure ba za ta zauna a layin masu jiran sikanin ba, don kada maƙwabta su fara lissafin watanni. To, ga maƙwabtan nan. Dube su da kyau. Mutanen da suka kasa bambance dantse da ciki, su ne za ka miƙa wa aikin 'yar ɗan'uwanka?

Muna godiya ga likita, da ta yi haƙuri da jahilcinmu. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba Inna juriya, mu kuma Ya ba mu kunya.

Ni ma na yi dariyar nan, har na fi kowa sauti. Saboda haka na ci kaina tara: Litinin da ƙarfe takwas zan zauna a layin nan kusa da Auta, da wannan tumbi nawa. Mai son ƙirga watanni ya fara da ni.