Sukuru huɗu kafin bikin Hannatu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Iliya. Tsofaffin Sabon Birni sun san ni da mai hoto, don da wuya gidan da ban ɗauki suna ko aurensa ba. Shekara uku ke nan na faɗi da babur a hanyar Isa, hannuna na dama ya shanye.

Ba za ni ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na bar zuwa sujada, na koma shan ƙwaya don in manta. Wani lokaci in buɗe akwati, in ɗora kyamarata bisa cinya, in yi ta kallonta kamar wanda ya je gaida majinyaci.

Da aka sa ranar auren ɗiyata Hannatu, abin ya ƙara ci mini rai. Na ɗauki ɗiyan kowa, tawa kuma sai baƙo ya ɗauka?

Maƙwabcina Malam Sani mai walda ya ƙera mini wani ƙarfe da za ni rataya a ƙirji, kyamara ta zauna a kai, in danna da hagu. Abin da ya rage sukuru huɗu na ɗaure kyamarar a jikin ƙarfen, ƙanana kamar ƙwayar gero, milimita biyu da rabi. Na bi masu gyaran waya duka, babu. Aka aiko daga Sakkwato, sun yi kauri. Wani direba ya kawo daga Maraɗi, suka ƙi murɗuwa a ramin.

Saura kwana tara, matata Rahila ta tarar da ni ina kuka. Ta ce, “Baban Hannatu, ka roƙi kowa, ban da Mutum ɗaya.”

Muka durƙusa. Na ce, “Ubangiji, ban ma roƙi hannuna ba. Ka bar ni in ga ɗiyata ta cikin gilashin kyamarar nan.” Na tashi na zuba ƙwayoyin a masai, har yau ban koma ba.

Ranar kasuwar Isa, wani tsoho mai gyaran agogo ya ji bayanina, ya juye mini gwangwanin tarkace bisa tabarma. Muka yi ta tona har la'asar. Uku suka fito. Na huɗun kuwa, daga tabaransa ya kwance shi, ya ɗaure gurbin da zare. Na ce, Baba, nawa? Ya ce in gaida amarya.

Na ɗauki Hannatu tana fitowa daga coci. Hoton ya ɗan karkace, amma ya fito. Haleluya!

Hannun nan bai tashi ba tukuna, kuma kullum ina marmarinsa. Amma na gode wa Allah da ya komo da ni gida. Ɗan'uwa, kada ka ce damuwarka ta yi ƙanƙanta da za ka kai gabansa. Kai ta, ka jira shi. Amin.