Yadda Na Haye Ruwan Yeji da Lariba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Na baya ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Sunana Hannatu. Koko da ƙosai nake sayarwa a Kaladan, kusa da barikin soja. Mijina Yakubu mutumin Sagnarigu ne, Badagombe. Zama ya ƙi, muka rabu, 'yarmu Lariba ba ta daɗe da yaye ba. Kotun sarki ta yanke cewa yarinya ta zauna wurina, amma ba zan haye ruwan Yeji, babban kogin da ke hanyar kudu, da ita ba sai da yardar ubanta. Na ce to. Ina ni ina Yeji a lokacin?

Sai Yakubu ya shiga soja, aka kwashe su yaƙin Bama. Daga nan shiru, kamar an shuka dusa.

Idon Lariba ya fara ciwo. Ja, ruwa, can sai fari ya soma hawa. Mai magani a asibiti ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai likitan ido a Kumasi, kuma kada in yi sanya. Kumasi kuwa sai an haye Yeji.

Na je kotu, aka ce in kawo uban. Na je bariki, saje ya ce matan aure ma ba su san inda mazansu suke ba, balle ni. Na je ofishin Disi, Baturen mulki, tafinta ya ce Bature ba ya kwance abin da sarki ya ɗaure. Wani direban lori ya ce in ɓoye ta cikin buhunan doya. 'Yan sanda na nan a mashigar ruwa, in sun kama ni an ƙwace yarinya ke nan. Ban yarda ba.

Akwai mace ɗaya da nake gudu, Mma Azara, yayar Yakubu. A al'adar Dagomba gwaggo tana iya ɗaukar 'yar ɗan'uwanta ta riƙe har aure, ba mai cewa uffan. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tun ranar suna Yakubu ya ce Lariba tata ce. In na hango ta a kasuwa, sai in sake hanya.

Wata safiya na miƙa wa Lariba ƙosai, ta kai hannu can gefe tana lalube. Na sauke kaskon, na durƙusa nan gaban murhu. Na ce, "Yesu, na buga kowace ƙofa. Wacce ta rage?" Ban ji wata murya ba, kada in yi muku ƙarya. Sunan Mma Azara ne kawai ya tsaya mini a rai. Na ce, "Haba Ubangiji! Bakin kura za ka tura ni?"

Na tafi. Na same ta tana kwaɓa man kaɗanya. Ta goge hannu, ta ɗaga fuskar yarinyar wajen rana, ta daɗe tana dubawa.

"Har haka kika bari, Hannatu?"

"Mma, tsoronki nake ji."

"Tashi mu je."

A gaban dattawan kotu ta ce, "Wa ya ce yarinyar nan ba ta da uba a gari? Ƙanena ya ba ni ita ranar suna, wasunku sun ci goron. Bakina bakinsa ne." Ba wanda ya musa. Aka tambaye ta ko ɗaukar ta za ta yi yanzu.

Ta ce, "Tawa ce. Na ba uwarta aro. Su haye."

Muka haye. Muka zauna Kumasi har aka gama yaƙi. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama Allah ya tsare. Yakubu bai dawo cikin waɗanda suka dawo ba.

Kun ga Lariba ba ta nan tare da ni yau. Tana Sagnarigu, tana taya Mma Azara aikin kaɗanya. Ba wanda ya aiko mini, ni na kai ta da ƙafata. Aro ai mayarwa ake yi. Na yi kuka a hanyar dawowa, ba laifi.

Ran kasuwa in na doso gidan Mma Azara, tun daga nesa Lariba take gane ni, ta rugo.

Godiya ta tabbata ga Yesu! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da ya nuna muku ƙofar da kuka fi tsoro. Amin.