Masu Zawarcin Mai Wainar Kawa

Da tsakar rana a bakin tashar masunta ta Dongshi, dattawa biyu da ba su san juna ba, ɗaya mai sanda ɗaya mai hula, suka haɗu a benci ɗaya a rumfar Siu-kim, bazawarar da ke soya wainar ƙwai da kawa, 'yar dabbar teku mai ɓawo. Ni kuwa ina zaune a bayansu.

"Ɗan'uwa, me kawar ta yi maka kake tsince ta kana turawa gefen faranti?" in ji mai sanda.

"Likita ya hana ni," in ji mai hula. "In na ci, ƙafata kumbura take."

"To me ya kawo ka rumfar kawa? Ga mai kunun shinkafa can."

"Iskar teku nake sha."

"Tekun a bayanka yake. Tun da ka zauna kaskon suya kake kallo, ko in ce mai kaskon."

"Kai mai sa ido, wa ya rina maka gashi? Baƙin har ya gangaro maka kunne."

"Zufa ce."

"Dole ka yi zufa. Da kwat ake zuwa cin waina?"

"Ni dai ina cinye abin da ta soya. Jiya har tambayata ta yi ko ni kaɗai nake zaune a gida."

"Ni ma ta tambaye ni. Ƙanenta ne ya buɗe gidan kula da tsofaffi."

Sai ga Siu-kim ta leƙo tana goge hannu. "Baba, in kawo muku romon kifi? Wannan ba sai an tauna ba."

"Da kai take," in ji mai sanda.

"Mu biyu ta kalla."