Kibau Masu Tauri

A rumfar mai gyaran baka, wani dattijo ya zazzage kibau daga kwarinsa a kan benci.

"Duk hagu suke karkata, ɗan nan. Tsufa suka yi?"

Mai rumfar ya lanƙwasa ɗaya, ya yi dariya. "Ba su ne suka tsufa ba, Baba. Tauri suka yi maka, tunda ka daina jan tsirkiya har kunne. Kawo in kankare su, su yi laushi."

"In ka kankare, za su yi wa ɗana ranar da ya dawo? Shi ƙarfi gare shi."

"Ba za su yi ba. Yaushe zai dawo?"

Dattijon ya daɗe yana shafa kibiyar.

"Bai faɗa ba. Bar su haka, gara in yi ta kuskure."