Injin Alhaji Ya Ƙi Tashi, Aka Ce Ni Na Ƙona Shi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Na gode wa fasto da dattawa da suka ba ni wurin tsayawa yau.

Sunana Iliya, ina zaune a Jambutu, nan Garuwa. Da yawanku kun san ni a cikin mawaƙa, kun kuma san akwai lokacin da kuka daina ganina. Abin da kuka ji a kaina a lokacin ba haka yake ba. Yau zan faɗa muku da bakina.

Ina aiki a atiliyen Alhaji Mamuda, wato shagon aikin ƙarfe. Muna yanka kayan gyaran injinan gurzar auduga da na taraktoci. Akwai wani babban inji da Alhaji ya sayo, ana ce masa se-en-se. Ba da hannu ake juya shi ba. Yana da allo mai gilashi da maɓallai, mu a wurin aiki pupitir muke kiransa. A nan kake rubuta masa awo, shi kuma ya yanka ƙarfen daidai. In allon nan bai kama ba, injin duk girmansa tulin ƙarfe ne kawai. Ni aka koya wa aikinsa, ni nake riƙe da makullin atiliyen.

Ina da aboki, Filibus. Ban ma taɓa kiransa aboki ba, ɗan'uwa nake ce masa. Tare muka tashi, tare aka yi mana baftisma. Ni ne babban abokin ango ranar aurensa, ɗansa na biyu kuma sunana ya ci. Da ya faɗi da babur ya kasa ci gaba da ɗaukar fasinja, ni na je na roƙi Alhaji har sau uku kafin ya ɗauke shi aiki. Na zaunar da shi gaban injin nan na koya masa duk abin da na sani. Ko abu ɗaya ban ɓoye masa ba.

Sai shekarun tashin hankalin nan suka zo, aka rufe iyaka, aiki ya ja baya. Wata rana Alhaji ya tara mu ya ce, "Ku yi haƙuri. Ƙarshen wata mutum ɗaya zan iya bari a kan injin nan." Bai ambaci suna ba. Da muka fito na dafa kafaɗar Filibus na ce, "Kada ka damu, mon frère, ɗan'uwana. In ta kama, mu raba albashina biyu har abubuwa su daidaita." Ya ce, "Allah ya saka maka, Iliya." Har idonsa ya kawo ruwa.

Ranar Asabar bayan an tashi, ya zo gidana ya ce ya manta wayarsa a atiliye. Na miƙa masa makulli ban ko ɗago kai ba. Bayan kamar awa ɗaya ya dawo mini da shi. Matata Saratu ta zuba masa abinci, ya ci ya ƙoshi. Ranar Lahadi a nan, a kan bencin can na biyu, muka zauna kafaɗa da kafaɗa, littafin waƙa ɗaya muka riƙe.

Litinin da safe na buɗe atiliye, na murɗa babban makunni a jikin injin, na danna koren maɓalli. Shiru. Allon baƙi ƙirin. Na sake dannawa. Shiru.

Ban tsorata ba, don akwai yadda ake bin irin wannan. Na fara duba ko wuta ce aka ɗauke, na ga fitilu suna ci, injin walda ma yana aiki. Na duba jajayen maɓallan tsayar da inji, don wani lokaci mai shara yakan jingina da ɗaya ya danne shi. Duka a sake suke. Na buɗe akwatin wuta na bayan injin, babu dijoktar, wato makunnin da ke katse wuta da kansa, ko ɗaya da ya faɗi, babu warin ƙuna. Na kashe komai, na ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya na gwada da mita, duka lafiya. Na mayar, na kunna, na auna ƙaramin akwatin da yake ba allon wutarsa, volt ashirin da huɗu, tana fita cif. Na ce a raina, to, wuta tana barin nan amma ba ta isa allo. Matsalar tana cikin pupitir ɗin ke nan. Na ɗauki sukudireba zan kwance murfin bayansa.

Ƙusa biyu na kwance na ji muryar Alhaji a bayana.

"Ajiye wannan ƙarfen, Iliya."

Na juyo. Ga Alhaji, ga Filibus a gefensa, kansa a ƙasa.

Na ce, "Patron, na kusa gano shi. Ka ba ni minti goma."

Ya ce, "Ka gano shi, ko ka ɓoye abin da ka yi? An ce jiya Lahadi ka shigo ka yi aikin wasu mutane a kan injina, har ya yi hayaƙi."

'Yan'uwa, dariya na yi! Wallahi kuwa, ku gafarce ni, dariya na yi, don na san ina da shaida a tsaye a wurin. Na ce, "Filibus, gaya wa Alhaji inda nake jiya."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Da safe kam muna coci. Amma da yamma na wuce ta nan na ga ƙofa a buɗe, babur ɗinka a waje."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an ɗebe ƙasar da nake tsaye a kai. Na ce, "Filibus, ni ne fa. Iliya ne." Ya juya fuskarsa wajen bango.

Na gaya wa Alhaji zancen aron makulli ranar Asabar. Filibus ya ce shi bai san wannan magana ba. Alhaji ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni makullina. Don shekarun da ka yi mini ba zan kira jandarma ba. Ka tafi."

Na tafi.

Labari ya riga ni isa ko'ina. Duk atiliyen da na je neman aiki a garin nan, sai a ce mini, "A'a, kai ne wanda ya ƙona injin Alhaji Mamuda?" Har nan cikin gidan Allah na ga ana sauke murya in na matso. Ba na faɗa don in kunyata kowa. Amma ya yi mini ciwo. Shi kuwa Filibus yana nan a kan bencinmu yana rera waƙa, yana ɗaga hannu sama. Lahadi biyu na jure. Ta uku ban zo ba.

Zan faɗi gaskiya, don shaidar da aka rufe rabinta ba shaida ba ce. Na koma Yelwa, gidajen bilbil, giyar dawa. Ni da ban taɓa sha ba tun baftismata. Tun hantsi nake zama da ƙwarya a hannu, ina ba mashaya labarin Filibus, suna ce mini, "Kai ma ai rago ne. Da ni ne da tuni ya daina tafiya da ƙafafunsa." Ina jin daɗin maganar. Saratu tana soya ƙosai a bakin titi don yara su ci, ni ina dawowa ina yi mata tsawa. 'Yata ƙarama ta fara ɓoyewa bayan ƙofa in ta ji takuna.

Ban daina addu'a don na daina gaskata akwai Allah ba. Na daina ne don ina fushi da shi. Yana gani, ya yi shiru.

A mako na shida, wata safiya, na ɗauki guntun rodi na sa a jaka. Na san hanyar da Filibus yake bi zuwa aiki, na san kwanar da yake rage gudu. Ban ce zan kashe shi ba. Hannuwan nan da na koya wa aiki nake so in karya.

Ina tura babur waje Saratu ta kama jakar. Ta ji nauyinta, ta gane. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tare hanya, ta ce, "Baban Hanatu, ba zan iya hana ka ba, ka fi ni ƙarfi. Amma ka durƙusa ka gaya wa Yesu inda za ka. In ka iya gaya masa da bakinka, zan matsa ka wuce."

Na ce, "Tashi, mace!"

Ta ce, "Ka gaya masa tukuna."

Na durƙusa cikin fushi, don in gama da ita in wuce. Na buɗe baki na ce, "Ubangiji, za ni in..." Sai maganar ta maƙale. Na sake gwadawa, ta ƙi fita. Abin da ya fito daga baya ba shi na shirya ba. Na ce, "Ya ci abinci a gidana! Ka gan shi! Na ƙaunace shi, ya sayar da ni, kai kuma ka ƙyale shi!" Na fashe da kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na daɗe a ƙasa. A ƙarshe na ce, "Ba zan iya yafe masa ba. Ba ni da shi a cikina. In kana so in yafe, sai ka ba ni daga wurinka."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na tashi, na ciro rodin nan na miƙa wa Saratu, ta jefa shi bayan gida. Tun ranar ban sake taka gidan bilbil ba. Haleluya! Ba ƙarfina ba ne, 'yan'uwa, na san kaina.

Kwana tara bayan haka Alhaji ya zo gidana da kansa. Ya tsaya a waje yana juya makullin mota. Ya ce injin yana nan a mace. Filibus ya yi ta alkawarin gobe, gobe. Mai gyaran da ake jira daga Duwala kuma ya ce shi ba zai hau arewa a wannan hali ba. Lokacin auduga ya matso, masu kawo aiki suna komawa wani wuri. Ya ce, "Ban ce na yarda da kai ba. Amma ka ce mini minti goma."

Na bi shi. Filibus yana nan, ya rame har ya ba ni mamaki. Na kashe wuta, na ƙarasa kwance murfin da aka hana ni. Kowace waya a ciki tana da lambarta, kowane gurbi ma da tasa. Nan take na ga ɗaya ba a gurbinta take ba, an ɗaure ta a na kusa da shi. Kan ƙusar da ta riƙe ta ya sha sukudireba, sabon karce yana ƙyalli. Ƙaramin fiyus na gilashi da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi. Na mayar da wayar gurbinta, na canza fiyus, na rufe. Na ce a zuciyata, "Yesu." Na danna koren maɓalli.

Allon ya kawo haske. Fanka ta fara juyawa. Yabo ga Ubangiji!

Alhaji ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Aiki ba ya matsar da waya daga gurbinta, patron. Hannu ne."

"Hannun wa?"

Na ce, "Ba nawa ba ne. Iyakar abin da zan rantse a kai ke nan."

Sai Filibus ya zauna a ƙasa, a cikin ɓarɓashin ƙarfe, ya faɗi komai. Ranar Asabar ɗin ya cire wayar. Nufinsa in an kore ni ya mayar da ita, a ce shi ya gyara. Da ya zo mayarwa sai ya sa ta a gurbin da ba nata ba, fiyus ya ƙone, ya rasa gane abin da ya faru.

Na tambaye shi abu ɗaya. "Me ya sa? Na ce maka za mu raba."

Ya ce, "Yara huɗu gare ni, Iliya."

Na ce, "Nawa ukun fa, ba su da ciki?"



Alhaji ya ciro waya zai kira jandarma. Na ji bakina yana cewa, "Don Allah patron, ka bar shi ya tafi gida." Ni kaina na yi mamaki. Mutumin da ya sa rodi a jaka ba shi ne ya faɗi wannan ba. Alhaji ya kalle ni ya daɗe, sannan ya mayar da wayar aljihu. A gaban ma'aikata duka ya ce ya zalunce ni, in yafe masa. Dattijo ne, ba kowa zai iya haka ba.

Filibus ya kwashe iyalinsa ya koma Kayele wurin dangin matarsa. Har yau bai ce mini in yi haƙuri ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon ya warke ba. Akwai waƙoƙin da in aka ɗauko su a nan sai in kasa rerawa, don da muryarsa na saba jin su. Amma ina iya ambaton sunansa a addu'a, shi da yaransa, ba tare da na ciji haƙori ba. Wata rana da sauƙi, wata rana da ƙyar.

Na gode wa Allah da ya wanke sunana. Amma abin da na fi gode masa shi ne ya tare ni a bakin ƙofata kafin sunan ya wanku. Da ya jira kwana tara, da yau ina kurkuku, gaskiyata kuma ba ta da amfani.

In akwai wani a nan da na kusa da shi ya cuce shi, yana zaune yana murmushi amma cikinsa yana tafasa, ina roƙonka kada ka jira sai ka huce kafin ka zo wurin Yesu. Ka zo da fushin naka yadda yake, ka faɗa masa. Ya ji nawa, bai kore ni ba. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ku kuma ci gaba da sa ni cikin addu'a, don ban gama ba tukuna.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.